Tsoron Cuta da Hannun da Yesu Ya Miƙa

Wa'azi domin Ranar Marasa Lafiya ta Duniya, 11 ga Fabrairu



Ranar 11 ga Fabrairu ce Ikilisiya ke tunawa da bayyanar Uwarmu Budurwa Maryamu ga yarinya Bernadette a garin Lurd na ƙasar Faransa a shekara ta 1858. A 1992 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya keɓe wannan rana domin marasa lafiya, aka fara kiyaye ta a 1993. Bisa ga al'ada, a wannan rana mukan yi magana a kan waɗanda ke kwance. Bana kuwa maganata tana ga waɗanda ke tsaye da ƙafafunsu, suna zuwa gona da kasuwa da ofis, amma tsoron cuta ya kwantar da zukatansu. Suna da yawa a cikinmu, sai dai ba su faɗa, gama suna gudun kada a ce da su masu ƙarancin bangaskiya.

Lokacin ma ya dace da maganar. Hunturu yana kan tafiya, ƙura ba ta gama kwanciya ba, ga zafin bazara a bakin ƙofa, iyayenmu kuwa sun san wannan lokaci da sanƙarau. Wanda shekarunsa suka kai ba zai manta da 1996 ba, sa'ad da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a arewacin ƙasar nan, ya kashe fiye da 11,000, ga ƙyanda da amai da gudawa suna tafe tare da shi. Tun daga 2011 aka fara yi wa jama'armu sabuwar allurar rigakafi, irin sanƙarau ɗin da ya yi waccan ɓarna kuwa ya kusa ɓacewa, ko da yake waɗansu ire-irensa sukan tashi har yanzu. Amma wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Bari in fara da kaina, domin kada in ɗora muku kayan da ban ɗauka ba. A waccan shekara ban daɗe da zama firist ba. Aka aiko mini cewa wani saurayi ɗan ƙungiyar mawaƙanmu yana kwance a asibiti, wuyansa ya sanƙare, iyayensa suna roƙo in zo. Na tafi, na isa ƙofar ɗakin, na ga mutane a kwance har a ƙasa, sai ƙafafuna suka ƙi. Na buɗe littafin addu'a a nan bakin ƙofa, ina nufin in sa albarka daga nesa in koma. Wata tsohuwar nas, wadda ba 'yar Ikilisiyarmu ba ce, ta dube ni ta ce, "Fada, yaron ba ya jin ka daga nan. Rufe hancinka da bakinka, ka shiga, in ka fito ga ruwa da sabulu. Mu nan muke kwana." Na shiga da kunya. Na shafe shi da mai, na riƙe hannunsa. Ya rasu kashegari. Shekaru da yawa ke nan, amma har yau ina gode wa Allah saboda matar nan, gama ba ta yi mini dariya ba, ba ta kuma ce babu hatsari ba. Ta nuna mini yadda ake shiga ne kawai.

Saboda haka ba zan ce muku tsoro zunubi ne ba. Allah ne ya dasa shi cikin halittarmu domin ya tsare rai, kamar yadda zafin wuta ke sa yaro ya janye hannu. Ubangijinmu da kansa, a gonar Gatsemani, ya ji firgita da baƙin ciki mai tsanani a gaban mutuwa, bai kuwa ɓoye ba: ya faɗa wa Bitrus da Yakubu da Yohanna, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. In Ɗan Allah ya nemi abokan zama a daren tsoronsa, wane ne zai ce kai ka yi laifi don gabanka ya faɗi? Abin dubawa shi ne inda tsoron yake kai mutum. Akwai tsoron da ke sa uwa ta rataya gidan sauro, ta tafasa ruwan sha, ta rufe hatsi daga ɓera, ta kai jaririnta rigakafi. Wannan bawa ne mai aminci, in ya gama aikinsa sai ya koma ya zauna. Akwai kuma wanda ba ya zama, wanda yakan hau kujerar maigida ya riƙa ba da umarni dare da rana.

Shekara ta 2014 ta nuna mana su duka biyu cikin wata guda. Ranar 20 ga Yuli wani matafiyi daga Laberiya ya sauka a Legas ɗauke da cutar Ebola. Likita Ameyo Stella Adadevoh ta gane hatsarin, ta ƙi sallamarsa daga asibiti duk da matsin da aka yi mata. Ita kanta ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Mutum 20 suka kamu a ƙasar duka, 8 suka mutu, ranar 20 ga Oktoba kuwa aka tabbatar cutar ta ƙare a Nijeriya. A cikin watan Agustan nan ne kuma wayoyi suka yi ta ƙara da tsakar dare, 'yan'uwa suna tashin 'yan'uwa cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Da yawanmu mun yi, kada mu yi musu. Aƙalla mutum biyu suka mutu, aka kwantar da waɗansu a asibiti. Ebola ba ta iso arewa ba ko sau ɗaya, amma tsoronta ya iso, ya kuma ɗauki rai.

Yanzu bari in juya ga ɗan'uwan da wannan tsoro ya zauna masa a gida, gama shi ne ya fi ba ni tausayi. Wani magidanci, malamin makaranta, ya zo wurina bayan ya binne yayansa wanda ciwon zuciya ya ɗauke farat ɗaya. Tun daga ranar jana'iza, in ji shi, bai sake yin barci mai daɗi ba. Da ya kwanta sai ya sa hannu a ƙirji yana ƙirga bugun zuciyarsa. Ya je asibiti uku, an auna jininsa, an duba zuciyarsa, kowane likita ya ce lafiyarsa lau. Yakan samu kwanciyar hankali kwana biyu ko uku, sa'an nan wata murya ta ce masa, to, in likitan bai duba da kyau ba fa? Rabin albashinsa ya ƙare a gwaje-gwaje da kemis. Ya daina zuwa gaisuwar mutuwa, ya daina ɗaukar 'yarsa ƙarama don kada zuciyarsa ta wahala. Da ya zo gare ni, abin da ya kawo shi ne wai ya furta zunubin rashin dogara ga Allah.

Na ce masa wannan ba maganar ɗakin furta zunubi ba ce tukuna, maganar zama ce a inuwa. Ku ji yadda abin yake aiki, domin sanin sa rabin magani ne. Sa'ad da mutum ya tsorata, jikinsa yakan yi shirin gudu ko da babu inda za shi: zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, baki ya bushe, tafin hannu ya yi gumi, ciki ya murɗa, wani har jiri ya ɗebe shi. Mai tsoron cuta kuwa sai ya ɗauki waɗannan alamu a kan su ne cutar da yake gudu. Tsoron ya ƙaru, alamun su ƙaru, ya zama kamar mai bin inuwarsa da gudu. Jiki mai lafiya ma ba ya rasa ɗan motsi nan da can, ɗan suka a haƙarƙari, ɗan kuka a ciki. Wanda hankalinsa ke kan aikinsa ba ya ji, amma wanda ya kasa kunne dare da rana lalle zai ji. Yawan dubawa kuma, da yawan tambaya, da bincike cikin waya da tsakar dare, suna kama da susar ƙaiƙayi: daɗi na ɗan lokaci, sa'an nan wurin ya ƙara ɗaurewa. Ciwon da irin wannan mutum yake ji na gaskiya ne, ba ƙarya yake yi ba, ba kuma hauka ba ne, ba sammu ba ne. Likitoci sun san halin, suna warkar da shi ta wurin zama da mutum a koya masa yadda zai fuskanci tunaninsa, wani lokaci kuma da magani.

A nan sai in yi wata 'yar ratse. Mun mai da "maleriya da taifod" sunan kowace gajiya. Mutum ya kwana da damuwar kuɗin makaranta, ya tashi da ciwon kai, sai ya nufi kemis a haɗa masa ƙwayoyi. Gwajin jinin nan na taifod da ake yi cikin gaggawa yakan nuna cutar ga wanda ba shi da ita, shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai kuwa yana koya wa ƙwayoyin yadda za su gagari maganin, har ranar da ake bukatarsa da gaske ya kāsa. Akwai kuma masu cin abinci da tsoronmu, masu sayar da ruwa da mai da garin magani da sunan Allah, waɗanda ba su taɓa ce wa kowa lafiyarka lau ba, gama ranar da suka faɗi haka kasuwarsu ta mutu.

Me na ce wa malamin nan? Na ce ya zaɓi likita guda wanda ya amince da shi, ya faɗa masa dukan gaskiya har da maganar rasuwar yayansa, su yanka lokacin da zai riƙa komawa, tsakanin lokutan nan kuwa kada ya nemi wani gwaji sai in sabon abu ya taso a fili. Na ce in hannunsa ya tafi ƙirji da dare, ya mai da shi kan carbinsa. Na ce ya faɗa wa matarsa, gama ɓoyon da yake yi mata ya fi ciwon nauyi. Ita kuma na roƙe ta kada ta yi masa ba'a, kada kuma ta riƙa amsa tambaya ɗaya sau goma a yini, sai dai ta ce, mun riga mun ji daga likita, zo mu ci abinci. Na ce ya koma ɗaukar 'yarsa. Na kuma ba shi aiki: kowace Lahadi da yamma ya raka katikis gaida wani tsoho makaho a unguwarsu. Bai warke cikin mako guda ba, watanni aka yi, har yanzu ma tsoron yakan leƙo shi lokacin da shekarar rasuwar ta zagayo. Amma yana barci.

Abin da mai wannan hali yake nema a ƙasan zuciyarsa shi ne takardar tabbaci cewa gobe ba zai yi ciwo ba, ba kuwa likita ko firist da ke da ita. Ku tuna da manna a jeji, cikin Littafin Fitowa sura 16: an umarci Isra'ilawa su tara na yini guda, wanda ya ɓoye saura domin gobe kuwa ya tarar ta yi tsutsa. Addu'ar da Ubangiji ya koya mana ma abincin yini guda take roƙo. Alherin da za ka bukata ranar da cuta ta zo da gaske, ranar za a ba ka shi. Shi ya sa in ka zauna yau kana auna ciwon da bai zo ba, kakan ga ba za ka iya ɗauka ba. Ba zan kuwa ruɗe ku in ce mai bangaskiya ba ya ciwo. Bernadette kanta, wadda maɓuɓɓugar Lurd ta ɓullo ta hannunta, ta yi fama da ciwon ƙirji tun tana yarinya, ta rasu a 1879 tana da shekara 35. Alkawarin da muke da shi shi ne cewa ko a gadon asibiti ba za a bar mu mu kaɗai ba, mutuwa kuma ba ita ce da magana ta ƙarshe ba.

Akwai wata ɓarna ta wannan tsoro wadda ta fi ta farko muni, wato sa'ad da ya juya ya faɗa kan maƙwabci. Cikin Bisharar Markus sura 1, wani kuturu ya zo ya durƙusa a gaban Yesu. Shari'ar da ke cikin Littafin Firistoci ta sa irinsa ya zauna a bayan gari, ya riƙa yi wa mutane kashedi da bakinsa kada su matso. Yesu yana da ikon warkar da shi da kalma daga nesa, kamar yadda ya yi wa bawan jarumin Roma. Amma ya miƙa hannu ya taɓa shi. Allah kaɗai ya san shekarun da mutumin nan ya yi ba wanda ya taɓa jikinsa. Ku lura kuma da abin da ya biyo baya: Yesu ya aike shi wurin firist a duba shi bisa ga ka'ida, gama a zamanin nan firist ne mai tabbatar da warkewa ya mai da mutum cikin jama'a. Ƙauna ta taɓa shi, ka'ida kuma ba a raina ta ba.

Su wane ne muka tura bayan gari a yau? Kuturu yana nan har yanzu, alhali kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu ba ya karɓar wannan cuta ko sun haɗu da ita, maganinta kyauta ne a duniya tun 1995, wata 6 ko 12 ake sha, wanda ya fara sha kuwa ya daina yaɗa ta. Yatsun da suka gutsure tabon cuta ne da ta riga ta wuce. Ga mai ƙanjamau, wanda muke ware wa kwano da kofi, alhali ba a ɗaukar ta ta gaisuwa, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko cizon sauro, mai shan maganinsa kullum kuwa yana iya tsufa cikin jikokinsa. Ga mai tarin fuka, wanda kunya ke sa shi ɓoye tarinsa har ya shafa wa 'ya'yansa, alhali gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata 6 ake yi a warke.

Wanda ya fi ci mini rai kuwa shi ne mai farfaɗiya. Na taɓa binne wata budurwa wadda ta faɗi kusa da murhu, mata suna tsaye a tsakar gida suna salati da kuka, ba wadda ta janye ta, domin an gaya musu tun suna yara cewa wanda yawunta ya taɓa zai kamu. 'Yan'uwana, wannan ƙarya ce, ta kuwa ci rayuka. Farfaɗiya daga ƙwaƙwalwa take, ba a ɗaukar ta ta yawu, ko numfashi, ko taɓawa, akwai kuma magani mai hana faɗuwar ga yawancin masu ita. In wani ya faɗi a gabanka, janye shi daga wuta ko ruwa, sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, kada ka cusa masa cokali ko ka ɗura masa wani abu a baki, in jijjigar ta lafa ka juya shi ya kwanta a gefe, in kuwa ta wuce minti 5 a kai shi asibiti. Cikin Markus sura 9 wani uba ya kawo ɗansa wanda yakan faɗa cikin wuta da ruwa yana kumfa a baki. Sa'ad da yaron ke kwance kamar matacce, jama'a na kallo, Yesu ya kama hannunsa ya tashe shi.

Kada wani ya fita daga nan ya ce Fada ya ce a yi ganganci. Iblis ya kai Ubangijinmu kan ƙololuwar Haikali ya ce ya diro, tun da mala'iku za su tare shi. Yesu ya ƙi, gama wannan gwada Allah ne. Wanda ya hana 'ya'yansa allurar rigakafi da sunan bangaskiya, ko ya ajiye yaro mai zazzaɓi da sanƙararren wuya a gida ana ta addu'a har gari ya waye, a kan ƙololuwar nan yake tsaye. Zazzaɓi mai zafi da matsanancin ciwon kai da wuyan da ya ƙi lanƙwasa, asibiti ne a ranar, ba gobe ba. Tarin da ya kai mako 2, a je a gwada. Littafin Sirak sura 38 ya koya mana mu girmama likita, gama Allah ne ya ba shi saninsa, shi ne kuma ya fitar da magunguna daga ƙasa. Sa'ad da annoba ta faɗa wa birnin Milan a 1576, Waliyyi Charles Borromeo, bishop ɗinsu, bai gudu ba, ya shiga wurin marasa lafiya da kansa. Amma shi ne kuma ya sa aka kafa bagadai a mararrabar tituna domin mutane su ji Misa daga tagoginsu ba tare da cunkoso ba. Abin da Ikilisiya ta yi a 2020, lokacin korona, ba sabon abu ba ne.

Tsibirin Molokai na Hawai ya ba mu tsarkaka biyu. Fada Damien, ɗan ƙasar Beljiyam, ya tafi zama cikin kutaren da aka zubar a can a 1873, tun ba a san magani ba. Ya gina musu gidaje, ya wanke gyambunansu, ya haƙa kaburburansu, ya ci abinci tare da su. Ya kamu da cutar, ya rasu a 1889. Kafin rasuwarsa, a 1888, Uwa Marianne Cope ta iso tare da 'yan'uwanta sistoci. Ita ma ta wanke gyambuna, ita ce ma ta yi jinyar Damien, amma ta kafa doka mai tsanani ta wanke hannu da tsabta. Ta yi shekara 30 a wurin, ta rasu a 1918 ba ta kamu ba. Ikilisiya ta sa Damien cikin tsarkaka a 2009, Marianne kuma a 2012. Yawancinmu ba a kira mu ga hanyar Damien ba, amma hanyar Marianne a buɗe take ga kowace uwa da kowane katikis: ka shiga, ka taɓa, ka wanke hannu. Abin da tsohuwar nas ɗin nan ta koya mini ke nan a bakin ƙofa.

Saura magana ɗaya, a kan Shafewar Marasa Lafiya. Gidaje da yawa ba su kiran firist sai numfashi ya kusa ɗaukewa, domin suna ganin zuwansa da mai sammacin mutuwa ne, har wani majiyyaci in ya hango ni sai ya juya fuska bango. Babban Taron Vatican na Biyu ya bayyana tun 1963 cewa wannan sakramenti ba na masu shirin mutuwa kaɗai ba ne. Na duk wanda ciwo mai tsanani ko tsufa ya fara raunana shi ne, bisa ga koyarwar Wasiƙar Yakubu sura 5. Wanda za a yi wa babban aiki a asibiti saboda ciwo mai hatsari yana iya karɓa, ana kuma iya maimaita shi in ciwon ya ƙaru.

Ina roƙon katikis na kowane ƙauye da shugabannin Zumuntar Mata su rubuta sunayen waɗanda suka daina zuwa Misa saboda ciwo, musamman waɗanda kunya ko ƙyamar mutane ta tsare a gida, su miƙa wa firist ɗinsu kafin ranar 11. Matasa masu babur su taimaka a ɗauko waɗanda ke iya zama. A ajiye ruwa da sabulu a ƙofar majami'a, a buɗe tagogi duka, mai tari ya rufe bakinsa ya zauna kusa da taga, amma kada a ware wa kowa benci a baya. Waɗanda ba su iya tashi, za mu bi su gida da Jibi Mai Tsarki cikin makon. Ɗan'uwan da ya ga kansa cikin labarin malamin nan kuwa, ba sai ya rubuta sunansa ba. Ya tsaya bayan Misa, zai same ni a inuwar da ke gefen majami'a.